Shamuwa a Kan Turame Huɗu

Ni ɗin nan da kuke gani, tun ina ɗan shekara tara aka damƙa mini motar da duk ƙasar Dandi ba a taɓa ganin irinta ba, kuma har yau da furfura ta cinye rabin gemuna ba wanda zai ce na taɓa taka ko da ɗan tsako da ita. Ina faɗin haka a tashar kamiyo, manyan motocin kaya, ina faɗi a wurin suna, na taɓa faɗa wa wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, har ya cire hula ya gaishe ni. Abin da ba na ƙarawa shi ne, motar ba ta gusa ko taku ɗaya ba tun kafin a ɗaura auren iyayena.

Wata Juma'a ce aka naɗa ni, an gama yankan gero ke nan, shekarar da na shiga aji uku a lakwal. Mun sauko daga masallaci ina riƙe da sandar kakana, wanda duk Gaya ke kira Baba Shofer, wato direba, domin a lokacin yanar ido ta rufe masa gani har ba ya bambanta mutum da kututture sai an yi magana. Maimakon mu tsaya a zaure, sai ya ce in ja shi can ƙuryar gida, bayan rumbuna, gindin giginyar da ba mai hawanta. A nan ɗakin motar yake, dogo, mai rufin azara, ba taga. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi, ƙofa ta yi ƙara, wani wari ya tarye mu wanda har gobe in na rufe ido ina jin sa: man kaɗe, tsohuwar fata, baƙin mai, da kashin jemage. Ya dafa kaina ya ce, "Abokina, idona ya yi ritaya. Daga yau kai ne idona."

Baƙa ce wul, doguwa. Nakan ce wa yara a lakwal idan hancinta ya shigo Gaya, wutsiyarta na can Malanbil, ƙetaren gulbi, ana duba mata takardu. Fitilunta biyu kowace ta kai faifai, tana da matakala a gefe kamar gidan bene, kuma tsakanin mai tuƙi da maigidan da ke zaune a baya akwai gilashi da ake murɗawa ya tashi, don kada direba ya ji asirin manya. A kan hancinta akwai wani farin tsuntsu na ƙarfe, ya miƙe wuya, fukafukansa a ƙasa, kamar an tsayar da shi yana cikin tashi. Turawan da suka ƙera ta suna da sunan da suke kiranta, yana nan rubuce a gabanta, amma mu a gidanmu tun da muka ga tsuntsun nan mai dogon wuya, Shamuwa muke ce mata.

Labarinta kuwa mun haddace shi kamar karatun allo. An ƙera ta a ƙasar Turawa kafin babban yaƙinsu na biyu, jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano don wani Bature mai kamfani. Da yaƙi ya ƙare Baturen ya tattara ya koma gida, sai wani attajirin goro na garinmu, Maigida Bawa, ya saye ta. Kakana, yana saurayi mai ƙarfi, shi ya tuƙo ta tun daga bakin teku, aka ɗora ta a kan kwalekwalen ƙarfe aka haye gulbi da ita, don a lokacin ba a yi gada ba. Ya ce ranar da ta hau tudu har masunta suka bar taru a ruwa suka biyo ta a guje. Shekara bakwai yana tuƙa Maigida Bawa. Sai wata shekara Maigida ya yi niyyar Makka ta ƙasa, ta hanyar gabas, kamar yadda mutanen da suke yi. Ba shi da ɗa, matarsa ta riga shi. Da asubar tafiya ya sa mabuɗi a tafin kakana ya ce, "Riƙe mini ita har in dawo." Bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya ce ya ga kabarinsa. Shi ya sa kakana bai taɓa ce masa Alhaji ba, don bai san ko ya isa ba, bai kuma taɓa ce masa marigayi ba, don bai san ko ya mutu ba. Maigida kawai.

Yadda ya riƙe ta, wannan sai wanda ya gani. Irin waɗannan motoci na da, ƙarfe ne a waje, amma ƙashinsu katako ne, wani icen ƙasar sanyi da gara ke so kamar yadda nake son kifi soyayye. Don haka kakana ya ɗage ta daga ƙasa gaba ɗaya, ya ɗora ta a kan tsofaffin turame huɗu da aka kife, kowane turmi yana tsaye cikin gindin tano, wato duro, da aka yanka aka cika da baƙin mai, sannan aka zagaye shi da toka. Kowace Juma'a yakan kwance buji, wato fulogin inji, ya ɗiga mai cokali guda a kowane rami, ya zura ƙarfen tayarwa a hancinta ya murɗa sau bakwai a hankali, ba don ta tashi ba, don dai kada cikinta ya daskare. Ya shafe kujeru da man kaɗe, ya goge tsuntsun da toka da lemun tsami. In ya gama sai ya gyara hula, ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya ɗan rusuna, ya tsaya kamar mai jiran wani ya sauko, sannan ya rufe. A kujerar nan akwai wani lotsawa daidai zaman mutum guda, shekara talatin bai cike ba. Ban taɓa son kallon wurin ba.

Doka ɗaya ce tak a ɗakin, kuma ya maimaita mini ita har ta zama kamar sunana: "Kada wani abu ya taɓa ƙasa ya taɓa mota a lokaci guda." Ko tsintsiya, ko sanda, ko igiya. Gara gada take nema. Aikina shi ne kowace safiya kafin in ɗauki jakar lakwal, in kwanta rub da ciki in ratsa ƙarƙashinta daga hanci har wutsiya, in duba turame huɗu ko akwai zaren laka, in sabunta toka, sannan in je in same shi a kan buzunsa. Zai ce, "Abokina, yaya Shamuwa?" In ce, "Lafiya lau, Baba." Sai ya ba ni guntun muruci ko gaɓar rake. A watannin farko na yi aikin nan kamar soja, har cikina ya yi kanta.

Abin da ya ɓata ni, motar kara ce. A lakwal ɗinmu da an yanke dawa sai kowane yaro ya zama injiniya. Mu fere kara, mu soke ɓargonsa da tsinke, mu yanka tayu daga fasasshiyar ƙwarya ko tsohon silifa, a ja su da zare a fili har mushe, malaminmu, ya buga ƙarfe a koma aji. Kowa kamiyo yake yi. Ni na rantse sai na ƙera Shamuwa da matakalarta da tsuntsunta. Na je har gonarmu ta hanyar Tunuga na zaɓo kara miƙaƙƙu masu kauri, dami guda. Amma a gidanmu kara ba ya kwana: in yayata Rabi ba ta hura wuta da shi ba, awaki za su tauna. Sai na tuna akwai wuri ɗaya da Yaya Rabi da awaki duk suke tsoro. Na kai damin ƙarƙashin Shamuwa, can baya wajen ƙofar Maigida, inda ya fi duhu, na tokare shi a tsaye tsakanin ƙasa da cikin motar don kada ya tarwatse. Na ce kwana biyu ne. Motar kara ta fito, ta yi kyau, yara suka bi ni har gida. Kwana uku wani ɗan aji shida ya zauna a kanta. Na yi kuka na manta, ragowar karan ma na manta da su. Kuma da ɗoki ya wuce, ratsawar nan ta safe ta koma leƙe: in durƙusa a wajen hanci, in kalli turame biyu na gaba, in watsa toka, in ruga in ce lafiya lau in karɓi murucina.

A bazarar shekarar ne Baba Hamidu, wan mahaifina, ya fara maganar sayar da ita. Shi ke da kamiyo, shi ke ciyar da gidan, kuma yana neman inda zai riƙa sauke buhunan albasa. Ba mugun mutum ba ne, ya gaji ne kawai. Na ji shi a zaure yana cewa, "Baba, mutumin nan in ma a rarrafe ya tafi, da yanzu ya dawo." Ya kawo wani maƙerin tukwane daga bayan kasuwa, Bazabarme, mai ƙonannun yatsu. Ashe jikin Shamuwa alminiyo ne, farin ƙarfen nan mara nauyi da ake narkawa a zuba tukwane. Mutumin ya ƙwanƙwasa ta, ya saurara, idonsa ya yi haske. Ya ce wannan za ta ba da tukwanen biki da za su dafa wa rabin Gaya. Suka yi magana a kan zai dawo da amalanke da guduma in damina ta zauna. Da suka fita kakana ya zauna a kan matakalarta har aka kira la'asar.

Ruwa ya sauka, shamuwoyin gaskiya suka dawo kan tsamiyar unguwa, ƙasa ta yi taushi. Sai motar ta fara magana.

Da tsakar rana ake ji, lokacin da gari ya yi tsit, kaji sun buɗe baki a inuwa, lokacin da iyayenmu ke hana mu bi ta gindin kuka. Wata 'yar ƙara ce siririya, kamar ana tauna a hankali, kamar tsoho na jan carbi a cikin aljihu, kuma daga kujerar baya take fitowa. In ka yi tari sai ta tsaya. In ka yi shiru sai ta ci gaba. Ni na fara ji, na fito da gudu har na yar da ƙwaryar toka. Kafin kwana uku matan gidan sun ji, kafin mako matan da ke wanki a bakin gulbi sun san cewa Maigida Bawa ya dawo, ba da jiki ba, yana zaune a kujerarsa yana lazimi. Wata ta ce ta ga farin rawani ta ramin ƙofa. Wata ta ce tsuntsun ƙarfen ya juya kai. Ni kuwa tun daga ranar ko turamen gaba na daina leƙawa. In tsaya a bakin ƙofa in ƙirga ashirin, in koma. "Abokina, yaya Shamuwa?" "Lafiya lau, Baba." Yakan ɗan yi jim, fararen idanun nan nasa a kaina, sannan ya miƙo muruci.

Ranar da maƙerin ya dawo, kakana ya ce ba za a buɗe ɗakin ba sai rana ta take tsaka, wai lokacin ne ya saba. Muka shiga mu huɗu, ni ina riƙe da sanda. Ya ce kowa ya yi shiru ya yi sallama da ita. Shiru ya sauka, sai ga ƙarar nan, ƙus, ƙus, ƙus. Maƙerin ya kalli Baba Hamidu, Baba Hamidu ya kalli rufi. Don ya nuna shi namiji ne, maƙerin ya ɗaga hannu ya buga bayan motar da tafi. Ƙofar baya ta dama, wadda ba wanda ya taɓa ta, ta saki da kanta, ta buɗe a hankali, a hankali, har ƙarshe, ta sunkuya kamar mai gaisuwa. Kakana ya gyara hula, ya rusuna, ya ce da murya irin ta kullum, "Sannu da hanya, Maigida."

Nakan ce maƙerin bai tsaya ba sai Kamba, kuma ko 'yan duwan ba su ga wucewarsa ba. Gaskiyar ita ce takalminsa ɗaya ya kwana a gidanmu, bai kuma aiko a karɓa ba. Daga ranar ba maƙerin da zai taɓa Shamuwa ko kyauta, don ba macen da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a tukunyar da aka zuba da ita. Baba Hamidu ya gina wa albasarsa rumfa a waje, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Amma ni, lokacin da ƙofar ta sunkuya, na ga abin da sauran ba su lura da shi ba: wani jan gari ya zubo daga maƙallinta, da 'yan fararen abubuwa suna motsi a ciki. Da kowa ya watse na kwanta na ratsa, karo na farko cikin watanni. Karana na nan inda na bar su, sai dai sun daina zama kara, sun zama ginshiƙin laka mai kauri kamar cinyata, daga ƙasa har cikin motar. Na farfashe shi da hannu ina kuka ba sauti, gara na cizona, na kwashe a riga na zubar bayan katanga, na juye toka da baƙin mai a wurin. Ina nan kwance a ƙarƙashi sai na ji sandar kakana, ya lalubo hanya shi kaɗai. Na ga ƙafafunsa sun tsaya daidai ƙofar da ta karye. Na riƙe numfashi. Ya daɗe a tsaye, sannan na ji ya ce a hankali, "Maigida, ka yafe mini. Ƙofa ɗaya na ba su." Na ɗauka da aljannu yake.

Ƙarar ta mutu cikin 'yan kwanaki. Aka ɗaure ƙofar da igiyar kaba, don katakon da ke riƙe da ita ya zama gari. Daga nan kakana bai sake buɗe wa Maigida ƙofa ba, sai dai ya tsaya a gefenta ya dafa igiyar. Ni kuma na koma ratsawa kowace safiya, daga hanci har wutsiya, amma bakina ya kasa buɗuwa. Sau nawa na zo gaban buzunsa da maganar a kan harshena, sai in ji ta koma. Bayan shekara biyu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ranar ƙarshe da hantsi ya sa aka kira ni, ya laluba ya kama hannuna, ya sa mabuɗin a ciki, ya rufe yatsuna da nasa. Ya ce, "Abokina, yaya Shamuwa?" Ya jira. Wallahi ya jira, har na ji kukan kurciya a kan giginya sau uku. Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya saki hannuna.

Yau shekara arba'in da 'yan kai. Hanyar da Shamuwa ta hau tudu ta cika da manyan kamiyo masu jiran ƙetare gada, yara sun daina fere kara, a waya suke tuƙa motocinsu. Turamen nan na uku ke nan da na sauya, tayun sun daɗe da zama kamar busasshen ganda, amma kowace Juma'a ina ɗiga mai, ina murɗa ƙarfe sau bakwai, kuma cikinta na juyawa sumul. Bara wani Bature ya zo daga Kwatano, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa yana ɗaukar hoto, ya ce irinta kaɗan suka rage a duniya, ya roƙi in bar shi ya kai ta a gyara ƙofar. Na ce mai ita ya yi tafiya, sai ya dawo. Wani lokaci da tsakar rana, in gari ya yi tsit, nakan tsaya a bakin ɗakin in kasa kunne. Ba abin da ke motsi. Amma lotsawar nan na nan a kujera, kuma yanzu ban san ko mutum ɗaya nake jira ya sauko ba, ko biyu.

Da sallar layya da ta wuce Yaya Rabi ta zo daga Yelu da jikokinta. Ina zaune ina ba su labari, na kai inda nake cewa ni ne idon Baba Shofer, sai na ga tana murmushi tana tsinke zogale. Da yaran suka tashi, ban san abin da ya taɓa ni ba, na ce, "Yaya, akwai abin da na ɓoye shekara arba'in." Na faɗa mata duka, kara, laka, jan gari. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Idi, mutumin da ya yi shekara talatin yana yaƙi da gara, shi ne ba zai san kukanta ba? Ran da aka fara ji ya sa na ja shi ɗakin. Da sandarsa ya taɓo karanka. Na ce in cire, ya ce in bar su sai maƙeri ya zo ya tafi, gara ta ci ƙofa ɗaya ta fi wuta ta ci duka. Ya ce kuma kada in gaya maka, yana so ya ji da bakinka."

Na ce, "Har ya rasu yana jira?"

Ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki tiren zogalen ta miƙe.

"Kai dai ci gaba da ba yara labari. Amma ka daina cewa kai ne idonsa. Makaho ya riga ka gani da kwana ashirin."